Yadda ake ɗauko naman daji a mota har a kai wa mai saye bai lalace ba

Wannan bayani na wanda zai fara ɗaukar dabbobin daji ne da aka harbo don sayarwa, wato kana da lasisinka, dabbar ba ta cikin waɗanda doka ta hana taɓawa, kuma akwai wurin da ke jiranka ka sauke. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shine mota ba ta gyara nama, iyakarta ta kai shi yadda ka loda shi ko ta ƙara ɓata shi. Dabba in ta faɗi zafin jikinta yana wajen digiri 38 zuwa 39, ga fata ga gashi sun rufe zafin bai da hanyar fita, kuma a irin wannan ɗumin wasu ƙwayoyin cuta cikin minti 20 suke ninka yawansu. Toh duk aikin da za ka yi daga daji har wurin saukewa bai wuce abu biyu ba, fitar da zafin nan da wuri, da hana datti taɓa inda wuƙa ta buɗe.

Kayan da za ka tanada

Mota. In da hali mai firji wadda aka ja ƙarfen rataya a rufinta. In babu, a-kori-kura ma tana yi in tafiyar gajera ce, amma a haɗa mata firam na ƙarfe a baya wanda za a rataya dabba a kai, kuma ƙasan bodin ya zama mai wankuwa, ƙarfen da ba ya tsatsa ko shimfiɗar roba mai kauri. Katako tsirara ba ya yi, yana shan jini kuma duk wankin da za ka mai ƙarnin na nan ciki.

Ƙugiyoyi na silba waɗanda ba sa tsatsa, da igiya ko bel na ɗaure kaya.

Ma'aunin zafi mai tsinke, irin wanda ake sokawa cikin nama. Wannan kam kar ka fita babu shi, hannu ba ya gaya maka abin da ke faruwa a jikin ƙashi.

Wuƙaƙe aƙalla biyu, safar hannu ta roba mai yawa, gaban riga na roba, takalmin ruwa.

Ruwa mai tsabta wanda za ka iya sha, a jarka mai murfi, da sabulu, da tawul ɗin takarda.

Buhunan yadi masu shan iska ko gidan sauro mai ƙananan ido saboda ƙuda.

Kula, wato akwatin riƙe sanyi, da ƙanƙara, da robobi masu murfi na zuba hanta da zuciya da huhu.

Lambobin ɗaurawa a ƙafa, da alƙalamin maka wanda ruwa ba ya goge rubutunsa, da littafi.

Fitila mai kyau in da dare ake aikin, da sandunan roba ko tsabtataccen itace gajeru na tokare ƙirji.

1. Ka gama da motar tun kafin a fita

A wanke ta ta bushe tun jiya, ba da safen tafiya ba. Duk abin da ba na nama ba a sauke shi, jarkar man fetur ko gas, tayar safaya da ke yawo a bodi, batir, maganin feshi, taki, tsummokaran gareji. Nama yana ɗaukar wari fiye da yadda kake zato, musamman kitsen, in jarkar gas ta ɗan yi yoyo a kusa toh ko an dafa shi warin na nan. Motar da ta ɗauki dabbobi masu rai ko shara ko sinadari ba a mai da ta motar nama don kawai an watsa mata ruwa.

In mai firji ce ka kunna tun kana hanya, kafin a loda dabba ta farko cikin ya riga ya yi sanyi. Ka gwada ma'auninka kuma, ka cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa ka soka, ya kamata ya nuna 0 ko dab da haka.

2. Ka duba dabbar kafin ta hau

Ba duk abin da aka kawo maka bakin mota za ka loda ba. Ka tambayi maharbi yadda ya ga dabbar kafin ya harba, tana tafiya daidai ko tana tangaɗi, ta ware daga garke, ta rame? Dabbar da aka tsinta a mace mushe ce, ba ta hawa, ko da jikinta da ɗumi. In kuma ka ga baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura, kar ka sa mata wuƙa ko kaɗan, alamar antiraks ke nan wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, buɗe cikin shi ke watsa ƙwayar a ƙasa ta zauna shekara da shekaru kuma tana kama mutum. Ka bar ta a wurin ka kira likitan dabbobi. Haka in ka ga ƙuraje a baki da tsakanin kofato, ko an buɗe an ga ƙulle-ƙulle masu mugunya kamar cuku a huhu da jikin haƙarƙari, wanda yana iya zama tarin fuka, ka ware ta, kar ta haɗu da sauran.

3. Jini da kayan ciki su fita da wuri

Wannan aikin mai fiɗa ne amma kai direba ko mai kaya kai za ka kwana da asarar in an yi shi ba daidai ba, don haka ka tsaya a kai. A zubar da jini nan take, a cire tumbi da hanji da wuri iya yadda za a iya, kar a ce bari a gama harbin duka tukuna. Tumbi ko bayan dabba ta mutu bai daina aiki ba, yana ta dahuwa yana kumbura yana ƙara zafi, in aka daɗe ƙwayoyin da ke hanji su fara ratsowa cikin nama. A ɗaure maƙoshi da dubura kafin a jawo don kar abin ciki ya zubo, a kula da mafitsara. Wuƙar da ta tsaga fata ba ita za ta shiga ciki ba sai an wanke, shi ya sa na ce biyu. A mayanka ana tsoma wuƙa a ruwan zafi mai digiri 82, in kana da yadda za ka tafasa ruwa a sansani ka yi hakan.

In harsashi ya fasa tumbi, ko wuƙa ta kuskure, ga inda sabon shiga ke ɓata komai, sai kaga ya ɗauko bokiti ya sheƙa ruwa a ciki wai yana wankewa. Ruwan nan dattin yake rabawa ko'ina, ya kai shi lungun da da bai je ba, ga danshi da ƙwayoyin cuta ke so. A kwashe abin da ya zube, a goge da tawul ɗin takarda ana yarwa, inda ya ɓaci a yanke shi da wuƙa a zubar. Ruwan rafi ko na kududdufi kuwa ko kusa, haka ciyawa da wasu ke cusawa a ciki su goge. Irin wannan dabbar ka sa mata alama, ka gaya wa mai karɓa gaskiya, kuma ita za a rataya a can ƙarshe inda ba ta ɗiga a kan kowa.

Fatar a bar ta a jiki. Ita ce rigar da ke kare naman daga ƙura a hanya, fiɗa sai an isa wuri mai tsabta.

4. Lamba da rubutu

Kowace dabba a ɗaura mata lamba a ƙafa, a rubuta a littafi: irin dabbar, rana, ƙarfe nawa aka harbe ta, ƙarfe nawa aka cire ciki, a ina, wa ya duba. Hanta da huhu da zuciya in za su bi ta, a sa su a robarsu da lamba iri ɗaya, don mai duba nama ya san na wace dabba ce yake kallo, in ka haɗe na dabba biyar a roba guda aka ga cuta a ɗaya toh duka biyar ɗin ka jawo wa. A ƙasashen Tarayyar Turai dokarsu mai lamba 853 ta shekarar 2004 ta tanadi cewa wanda aka horar ya duba dabbar da kayan cikinta ya haɗa takarda mai lamba da ke nuna rana da lokaci da wurin da aka kashe ta. Dokar inda kake tana iya bambanta, ka nemi sani a ofishin kula da namun daji da na likitan dabbobi kafin ka fara, har da batun izinin tsallaka yanki da nama, don in cutar dabbobi ta ɓarke akan rufe hanya.

5. Ka bar ta ta huce kafin ka rufe ta

Nan ne zuciyar aikin. A rataya dabbar a inuwa inda iska ke kaɗawa, a tokare ƙirji da sanda ya buɗe, ƙafafun baya a ware. In babbar dabba ce irin ɓauna ko gwanki, wuya da kafaɗa da cinya su ne ke riƙe zafi, dole a buɗe har wuya a cire maƙogwaro da maƙoshi gaba ɗaya. In ba abin rataya, ka kwantar da ita a kan katakon fale, wato dandamalin nan mai tazara da ake ɗora kaya a kai, ko sanduna ta yadda iska za ta bi ta ƙasa, don gefen da ya kwanta a ƙasa ko a ƙarfen mota shi ke fara tsami.

Mutane da yawa suna ɗauka motar firji za ta yi musu wannan aikin. Yawancin injinan sanyi na mota an yi su ne su riƙe sanyin kayan da ya riga ya yi sanyi, in ka cusa mata dabba ashirin masu zafi ka rufe ƙofa sai tururi ya cika ciki, rufin ya fara zufa yana ɗiga a kan nama, injin yana ta kuka amma cinya tana nan da ɗuminta har gari ya waye. Don haka a bar tururin farko ya fita a waje, sannan a riƙa lodawa kaɗan kaɗan. Shi ya sa masu wannan sana'a da yawa suke aikin da dare ko a lokacin sanyi, iska ta taya su, ƙuda kuma ya kwanta.

In da rana ne ƙuda zai zo, koren nan mai ƙyalli, kuma ba ya ɓata lokaci, zai bi ramin harsashi da hanci da cikin ƙugu ya zuba ƙwai fari-fari a dunƙule, kafin kwana ɗaya sun zama tsutsa. A sa dabbar a buhun yadi ko a zagaye wurin da gidan sauro. Leda kuwa, dan Allah kar ka naɗe dabba mai ɗumi a leda ko ka lulluɓe ta da tampol ya manne a jiki, daidai yake da ka rufe tukunya a kan wuta.

6. Lodi

Ratayawa ta fi komai. A sa ƙugiya a agarar ƙafar baya, a bar tazara tsakanin dabba da dabba aƙalla hannunka ya wuce ba tare da ya goga ba, kar kai ko ƙafar gaba su taɓa ƙasa, kar kuma su jingina da bango. Ka jera su fuska ɗaya, bayan wannan kar ya shiga buɗaɗɗen cikin waccan, don gashi da ƙasar kofato su ne dattin da ya fi yawa. Kar ka toshe gaban fankar injin sanyi, iskar tana bukatar ta bi ta sama ta dawo ta ƙasa.

In ba ka da wurin rataya, shimfiɗa ɗaya tak, kowace a kan fale na roba ko kanta, cikin a buɗe yana kallon gefe. Kar a jibga wata kan wata. Na san abin da ke sa mutane jibgawa, mai ya yi tsada kuma ba wanda ke son sawu biyu, amma wadda ke ƙasa ba ta da ta inda za ta huce, jinin ta sama yana zuba a cikinta, kana isowa ka ɗaga ka ga cikin cinyarta ya yi kore yana wani wari mai tsami, kuma wannan ba a yanke shi a ce saura ya yi, ta tafi. Dokar Turai ɗin nan ma ta ambaci wannan ƙarara, cewa a guji tara su tuli a hanyar kai su. In kanta za ka yi hawa biyu, a sa tire a tsakani mai tare jini.

Sai rabe-rabe. Mai fata daban, wadda aka feɗe daban, kuma wadda aka feɗe sai a rufaffen abu. Tsuntsaye masu gashi irin zabi da fakara kar su haɗu da manyan dabbobi, a rataya su ɗai-ɗai ko a jera a kwandon roba mai huji shimfiɗa ɗaya, su da zomaye in aka cusa a buhu nan da nan suke ɗumama juna. Aladen daji da gadu a gefensu, kuma su akwai gwajin tirikinela, wata tsutsa da ke zama cikin nama tana kama mutum, da ake musu a wurin duba nama, don haka ka tambayi mai karɓa sassan da yake so su biyo dabbar kafin a yar da komai. Kare ba ya hawa inda nama yake, mutane ma ba sa zama a kai, takalmin da aka taka daji da shi ba ya shiga cikin bodi.

In motar buɗaɗɗiya ce, a ɗaura tampol a saman firam ya zama rumfa, da tazara tsakaninsa da nama, gaba da gefe a kare saboda ƙura, a bar inda iska za ta wuce. Ka duba inda salansa ke fitar da hayaƙi, in yana murɗowa cikin bodi a gyara. Ƙasan bodi ta wajen salansa yana zafi sosai a doguwar tafiya, kar nama ya kwanta a nan.

7. In babu firji

Ana iya yi amma da sharaɗi: tafiyar gajera, cikin dare ko da asuba, kuma kai tsaye zuwa ɗakin sanyi. Ka daskarar da ruwa a gorunan roba ka rufe su da kyau ka cusa a cikin ƙirji da tsakanin cinyoyi, suna ba da sanyi ba sa jiƙa nama. Ƙanƙara tsirara in ta narke sai dabbar ta kwanta cikin ruwan jini, in ita kaɗai gareka ka ƙulle ta a leda biyu kuma ka tabbata ruwan yana da hanyar fita zuwa wani mazubi, ba ya tsiyaya a titi ba. Hanta da zuciya su shiga kula tun farko, su ne ke riga kowa lalacewa. In ka lissafa ka ga rana za ta same ka a hanya da nama mai ɗumi, rage yawan abin da za a harba, shine kawai maganin.

8. A hanya

Ma'aunin da ake bi a Turai, kuma ni shi nake ba kowa shawara ya riƙe, shine babbar dabba ta sauko zuwa digiri 7 ko ƙasa har can cikin naman, ƙananan irin zomo da tsuntsu digiri 4, kayan ciki digiri 3. Ba agogon da ke gaban mota za ka duba ba, wannan zafin iska yake nunawa. Ka goge tsinken ma'auni, ka soka a inda cinya ta fi kauri har kusa da ƙashi, ka jira lambar ta tsaya, ka rubuta da lokacin. Ka auna a wurin lodi da wurin saukewa, a doguwar tafiya ka ƙara sau ɗaya a tsakiya, ka zaɓi babbar dabba da wadda ke tsakiyar jeri. In daga daji ka taso ba lallai ta kai 7 kafin ka isa ba, abin da ake so lambar ta riƙa sauka, in ta tsaya cak ko tana hawa akwai matsala. Kar kuma ka mai da firjin firiza don ka yi sauri, waje zai ƙanƙare ciki na nan da zafi.

Tuƙin ma daban ne. Nama a rataye yana lilo kuma nauyin yana sama, in ka sha kwana da gudu duka za su watsa gefe guda su ja motar. Ka ɗaure su ta ƙasa da igiya, ka shiga kwana a hankali, ka fara taka birki da wuri. Kar ka wuce nauyin da aka rubuta wa motar. In ka tsaya, a inuwa, injin sanyi a kunne, ƙofa a rufe, ba a buɗe wa masu son kallo. Ka tafi da lambar wayar wani mai motar sanyi ko ɗakin sanyi da ke kan hanyar, don ranar da mota za ta mutu ba lokacin fara neman lamba ba ne. In hakan ta faru ka bar ƙofa a rufe, ka rubuta lokacin da injin ya tsaya, ka auna nama in taimako ya iso.

9. Saukewa

Ka kira su tun kana hanya su shirya. A matso da mota bakin ƙofar ɗakin sanyi, daga ƙugiya zuwa ƙugiya, ba a jan dabba a ƙasa ba a ajiye ta a siminti ko na minti ɗaya. Masu saukewa su wanke hannu su sa riga mai tsabta, mai gudawa ko amai ko buɗaɗɗen ciwo a hannu ya hutar da kansa ranar. Ka miƙa takardu da littafin awo, ka nuna waɗanda ka sa wa alama. Ku duba tare, ka sa hanci a cikin ƙugu da wajen wuya, ka duba ko akwai kore ko yauƙi. Wajen ramin harsashi a yanke da faɗi, don harsashin dalma yana tarwatsewa ƙanana-ƙanana ya shiga nesa da inda ido ke gani. Abin da mai dubawa ya ƙi, ya ƙiyu, kar ka mayar mota ka kai wa wani.

10. Wanki

A ranar, kafin jini ya bushe. Ka fitar da fale da ƙugiyoyi da tire, ka share gashi da guntun nama da tsintsiya, ka fara ɗauraye da ruwan sanyi don ruwan zafi yana dafa jini ya manne. Sannan sabulu da buroshi daga sama zuwa ƙasa, ka bi kusurwa da ƙarfen rataya da robar bakin ƙofa da ramin fitar ruwa, nan ne datti ke ɓuya. Ka ɗauraye, sai ka sa maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda aka yarda a yi amfani da shi a wurin abinci, ka haɗa shi yadda aka rubuta a jikin robar kuma ka ba shi mintunan da aka ce kafin ka ɗauraye. Zuba magani a kan jini da kitse ɓarnar magani ce, ba ya ratsawa. In bilic za ka yi amfani da shi kar ka gauraya shi da wani sinadarin wanki, yana tayar da iska mai guba, balle a cikin rufaffen bodi. Ruwan wankin ya bi magudanar da aka tanada, kar ya gangara rafi ko inda dabbobin gida ke sha. Ka wanke tayoyi da ƙarƙashin mota in ka fito daga yankin da ake maganar cuta. Buhunan yadi a wanke a tafasa su, ƙugiyoyi da wuƙaƙe a tsoma a ruwan zafi, sannan ka bar ƙofofi a buɗe har cikin ya bushe sarai kafin ka rufe, ka rubuta ranar wankin a littafin nan dai.